Gina Legas ta 2090 a kan tebur: nazarin wani gajeren fim da aka yi a Agege

## Asalin lamarin

Wata ƙaramar tawaga ta masu shirya fim, 'yan Arewa mazauna Legas, ta shafe shekara guda tana neman yadda za ta nuna birnin da ba a gina ba tukuna, har mai kallo ya yarda mutane na kwana suna tashi a cikinsa. Su bakwai ne. Darakta da mai ɗaukar hoto sun saba da bidiyon waƙa da talla, mai tace hoto ya iya Blender, manhajar gina siffofi a kwamfuta, daidai gwargwado, sauran kuwa masu haske ne da sauti da mai kula da kaya. Wurin aikinsu shago ne mai ɗaki biyu a Agege, unguwar da Hausawa suka daɗe da kafa zango a cikinta.

Fim ɗin almarar kimiyya ce ta minti 14. A labarin, shekarar 2090 ce, teku ya cinye unguwannin bakin ruwa, jama'a sun yo tudu, zango ya rasa filin faɗaɗawa sai ya hau sama. Wata rana ruwan famfo ya ɗauke a hawan ƙasa, wani matashi mai gyaran famfo ya kama hawa bene yana bin bututu don ya gano inda aka rufe. Maganar da ke cikin rubutun ba ta cika shafi uku ba. Ke nan ginin ne zai gaya wa mai kallo wa ke da iko, wa ke jiran tsammani, kuma yaya aka yi garin ya koma haka.

Wannan nauyi da ake ɗora wa gini ya daɗe a irin waɗannan fina-finai. A Metropolis, wanda Fritz Lang ya fitar a Jamus a 1927, masu mulki na zaune a ƙolin dogayen gine-gine, ma'aikata kuma a ƙarƙashin ƙasa, don haka tun kafin kowa ya buɗe baki an san matsayinsa. A Blade Runner na 1982 an bi wata hanya: an ɗauki tsofaffin gine-gine aka lulluɓe su da bututu da wayoyi da fitilu, har da ginin Bradbury na Los Angeles wanda ke tsaye tun 1893. Tawagar ta san waɗannan misalai. Abin da ba ta da shi shi ne kuɗinsu, da kuma tsarin da ya dace da Legas.

A rubutun akwai wurare 11 da za a ga birnin daga waje, jimillar sakan 96. Waɗannan sakan 96 su ne suka cinye shekarar.

## Janairu zuwa Fabrairu: dogayen gine-ginen gilashi a kwamfuta

Hanyar farko ita ce wadda ta fi saurin zuwa a rai. Mai tace hoto ya sauko da samfuran dogayen gine-gine daga intanet, irin waɗanda aka riga aka zana, ya jera su a Blender, ya ƙara fitilu shuɗi da ja. An ɗauki jarumin a gaban koren kyalle a cikin shagon, da niyyar cire koren a sa birnin a bayansa.

Matsala ta farko daga ɗakin ta taso. Faɗinsa bai kai mita huɗu ba, don haka jarumin ya tsaya kusan mita ɗaya daga kyallen, alhali ana son tazarar mita biyu zuwa uku. Koren ya haska masa kafaɗa da gefen fuska, inuwarsa kuma ta faɗa kan kyallen. Da aka zo cirewa, gefen rigarsa ya yi ta rawa. Ga shi an haska shi da fitila daga gaba, birnin kwamfuta kuma haskensa daga sama ta baya yake zuwa. Ido na gane irin wannan saɓani nan take ko da mai kallo bai san sunansa ba.

Ta biyu lissafi ne. Fim ɗin na tafiya a kan hoto 25 a kowane sakan, wato sakan 96 hoto 2,400 ne. Kwamfutar da suke da ita tana ɗaukar kusan minti 7 kafin ta fitar da hoto ɗaya mai gilashi da fitilu, saboda kowane gilashi sai ta lissafa abin da yake maidowa. Awa 280 ke nan ba tsayawa, a unguwar da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, kuma duk gyara ɗaya na nufin a sake daga farko.

Ta uku ce ta kashe wannan hanya. An haɗa sakan 20 na gwaji aka nuna wa wasu mutanen unguwa, aka yi musu tambaya uku: wane gari ne wannan, su wa ke zaune a sama, ta ina ruwan sha ke bi? Mafi yawa suka ce Dubai ce. Babu wanda ya amsa ta biyu da ta uku, domin babu abin da hoton ya nuna a kansu. Gine-ginen duk shekarunsu ɗaya, duk tsabtarsu ɗaya, babu tanki, babu shanya, babu tabon ruwan sama ko ɗaya.

## Maris zuwa Afrilu: neman gobe a cikin Legas ta yau

Sai aka juya ga gine-ginen gaske. Wannan ma tsohuwar dabara ce: a nemo ginin da siffarsa ta fita daban, a ɗauke shi ta kusurwar da ba a saba gani ba. An zagaya wurare huɗu. Akwai babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Iganmu, mai siffar hular soja, wanda aka kammala a 1976 don bikin al'adun Afirka na FESTAC na 1977, aka kuma sauya masa suna a 2024 don karrama Wole Soyinka. Akwai gadar Lekki zuwa Ikoyi mai igiyoyin ƙarfe, wadda aka buɗe a 2013. Akwai Eko Atlantic, filin da aka cike daga teku a gefen Victoria Island. Sai tashoshin jirgin ƙasa na cikin gari, layin shuɗi da ya fara aiki a 2023 da layin ja da ke bi ta Agege.

Abin da ya hana waɗannan wurare aiki shi ne shahararsu. Ɗan Legas na ganin ginin Iganmu ko gadar Lekki zai ce ga wuri kaza, labarin 2090 ya tashi a banza. Gadar kuwa ta fito a fina-finai da bidiyon waƙa har ta zama alamar masu kuɗin yau. Ban da haka, ɗaukar fim a irin waɗannan wurare na buƙatar izini a rubuce, wasu kuma na kamfanoni ne masu nasu sharuɗɗa. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi, wanda darakta ya so ya yi amfani da shi a saman Agege, an ajiye shi tun farko: yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ga unguwar kuma dab take da filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja.

Amma zagayen bai tafi a banza ba. Mai ɗaukar hoto ya lura cewa ƙarƙashin gadojin sama ya fi samansu amfani. Manyan ginshiƙan kankare, da baƙin tabon da ruwa ya zana a jikinsu, da rumfunan da masu sana'a suka raɓa a gindinsu, ba sa nuna shekara. Haka nan benayen da aka fara ba a gama ba, waɗanda rodi ke tsaye a kansu ana jiran kuɗin ƙara hawa. An ɗauki hotunan irin waɗannan bango da yawa aka adana. An kuma sami mai wani bene hawa huɗu da ba a gama ba, ya yarda a yi aiki a matattakalarsa da kan rufinsa na kankare.

## Mayu: zanko a kan bene hawa talatin

Tunda mutane sun ce Dubai, sai aka ce to a sa wa birnin kamannin gida. Mai tace hoto ya koma kan dogayen gine-ginen nan, ya sauya gilashi da launin jar ƙasa, ya kafa zanko, wato tsinin da ke saman ginin gargajiya, a kowace kusurwa, ya zana dagi a bango. A allon kwamfuta abin ya yi kyau, kuma ya rage lokacin fitar da hoto tunda gilashi ya tafi.

An kai zanen ga wani dattijo ɗan Zariya da ke aikin bulo da siminti a Legas, wanda ya tashi a gidan maginan ƙasa. Ya daɗe yana duban hoton a waya, sannan ya ce: "Yarana, ado kun yi shi. To ruwan sama ta ina zai sauka?" Darakta ya ce, "Baba, ai fim ne." Dattijon ya ce mai kallo ma a gida yake kwana, ya san inda ɗaki ke yoyo.

Bayanin da ya biyo baya shi ya sauya aikin. Ginin ƙasa na Hausa an tsara shi ne don ƙasar da damina ke da gajeren zango. Ana jera tubali, a shimfiɗa azara ta itacen giginya wadda gara ba ta cika ci ba, a yi rufin soro, a kewaye shi da gajeren bangon da ake kira rawani, a fitar da indararo mai tsawo don ruwa ya zuba nesa da bango. Ana shafe bangon da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, kuma ana sabunta yaɓe a kai a kai. Azara ba ta ɗaukar rufi mai faɗi ita kaɗai, shi ya sa idan ana son babban ɗaki ake yin bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke tallafe rufi, irin wanda shahararren magini Babban Gwani ya yi a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Zanko kansa yana ƙara wa kusurwa nauyi da kariya, a nan ne ruwa ya fi cin gini, kuma magina kan rataya igiya a jikinsa idan za su hau gyara. Ruwan da ke sauka a Legas a shekara ya kai kusan ninki biyu na Kano, iska kuma cike take da danshi. Benen ƙasa mai hawa talatin da shimfiɗaɗɗen rufi, babu indararo, babu rumfa, ba zai ga damina ta biyu ba.

Shawararsa ita ce a bar kwaikwayon fatar ginin Hausa, a ɗauki tsarin zamansa.

## Yuni: takardar ƙa'idoji

An dakatar da kwamfuta wata guda. Aka zauna da takarda da fensir, aka rubuta ƙa'idojin da kowane ɓangaren ginin zai bi, kuma aka amince duk abin da ba shi da dalili a takardar ba zai shiga hoto ba.

Ƙa'idar farko ta tarihi ce. Ginin ba a rana ɗaya aka yi shi ba. Hawa huɗu na ƙasa tsohon kankare ne na zamaninmu. Hawa biyar zuwa tara ƙari ne da jama'a suka yi da hannunsu, bulo da kwano da guntayen kwantena, kowane hawa ya ɗan leƙo waje fiye da na ƙasansa don neman fili. Daga goma zuwa sama gini ne mai tsari, bango sumul, da ragar siminti da ke tare rana ta bar iska ta wuce. Duk wanda ya ɗaga kai zai karanta zamani uku a bango ɗaya.

Ta biyu ta ruwa ce, kuma ita ce ƙashin bayan labarin. Tankunan tara ruwan sama na ƙoli. Bututu ɗaya mai kauri ke saukowa ta wajen bango, yana sirancewa hawa bayan hawa, har ya zama siririn tiyo a ƙasa inda jarkoki ke layi. An yi masa fenti ruwan ɗorawa don ido ya bi shi a kowace fitowa. Ruwan da ya yi yawa kuma na fita ta dogayen indararo na ƙarfe. Iskar damina a Legas daga kudu maso yamma take kaɗowa, don haka wannan gefen ne ya sami rumfuna masu zurfi, ya kuma fi tsatsa da gansakuka.

Ta uku ta shiga da fita ce. Kowane hawa yana da zaurensa a bakin matattakala, inda baƙo ke tsayawa ya yi sallama, bayansa kuma tsakar gida ce da ɗakuna suka kewaye. Ƙofar zaure ba ta kallon ƙofar ciki, kamar yadda yake a gidan gargajiya, don kada na waje ya hango na ciki. Wannan ya ba darakta abin da rubutun ya rasa: a kowane hawa sai jarumin ya nemi iso, kuma yadda ake karɓarsa na sauyawa yayin da yake ƙara sama.

Ta huɗu ƙarama ce amma ta yi tasiri. Alƙibla daga Legas tana kusan digiri 63 daga arewa zuwa gabas, ba ta bin layin titi. Saboda haka masallacin da ke hawa na bakwai an karkatar da shi, kusurwarsa ta fito daga jikin benen. Zanko ya rage a wurare biyu kawai, a kan masallacin da kuma inda masu gyara ke ɗaura igiya.

## Yuli zuwa Satumba: gina samfuri

An yanke shawarar gina birnin da hannu, ƙarami, a ɗauke shi da kyamara. An zaɓi ma'aunin 1 bisa 16. Hawa ɗaya mai mita 3.2 ya zama santimita 20, ƙofa mai mita 2 ta zama santimita 12.5, idon mutumin da ke tsaye kuma santimita 10 daga ƙasa. Dalilin zaɓar 16 zai fito a wajen ɗauka. An gina bene ɗaya mai hawa goma, tsayin mita 2, a guntaye biyu da ake ɗora ɗaya kan ɗaya. Gine-ginen baya an yi su a ma'aunin 1 bisa 50, fuska kawai ba ciki.

Ƙashin samfurin filawud ne daga kasuwar katako ta Amu a Mushin. Bango an yanka shi daga farin soson da ake kunshe firji da talabijin, wanda aka tattaro a kasuwar Alaba. Tankuna murafen robobi ne, bututu kuma tsinken shan lemo da tiyon ƙarin ruwa na asibiti. Kwanon rufi an yi shi da gwangwanin lemo da aka buɗe aka danna a kan jerin ƙusoshi don ya yi kwari-kwari. Tsofaffin allunan cikin kwamfuta daga kasuwar Computer Village sun zama injinan kan rufi.

Abubuwa uku suka lalace. An fesa wa bangon farko fentin gwangwani kai tsaye, sinadarin da ke cikinsa ya narkar da soson ya bar ramuka. Maganinsa shi ne a fara shafa farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa, shafi biyu, a bari ya bushe, a bi da siririn garin POP, sannan a yi fenti mai ruwa da burushi. Na biyu, benayen baya da aka yi da kwali sun sha danshin Yuli sun lanƙwashe, fumfuna ta fito musu. An sake su da siririn filawud, aka shafe gaba da baya, domin katakon da aka shafe fuska ɗaya yakan karkata. Na uku, an gwada yaɓa jar ƙasa ta gaske a masallacin, ta bushe ta tsattsage, kuma tsagar santimita ɗaya a wannan ma'auni daidai take da ta santimita 16 a bangon gaske. An koma POP da aka rina.

Tsufar da bango shi ya fi cin lokaci, kuma a nan hotunan Afrilu suka yi rana. Ba a sa datti barkatai ba. Kowane tabo yana da mafari: tsatsa na gangarowa daga inda ƙarfe ya shiga bango, baƙin layi na bin ƙarƙashin taga, kore na taruwa a gindi da inda rana ba ta kai ba, hayaƙi na baƙanta saman tagar kicin. Ana jiƙa fenti sosai, a ɗiga daga sama, a bar shi ya gangara da kansa, a goge rabi da tsumma.

Ciki kuwa zaure ɗaya tak aka gina a girman gaske, bango uku na filawud mai ƙafa 4 da 8. An yi masa shiri uku. A hawan ƙasa an sauko da silin har jarumin na sunkuyawa, haske ɗaya daga ƙofa. A tsakiya an ɗaga silin, an buɗe taga. A ƙoli an cire silin gaba ɗaya, an faɗaɗa ƙofa, an sa inuwar ragar siminti ta faɗo a bango.

## Oktoba zuwa Disamba: ɗauka

Gwajin farko a cikin shago ya fito a matsayin abin da yake, wato ƙaramin abu a kan tebur. Dalilai biyu ne. An ɗora kyamara a tsayin ƙirjin mai ɗauka, tana kallon benen daga sama, kuma an buɗe ƙofar hasken gilashin kyamarar sosai, zuwa ma'aunin da ake kira f/4, sai gaba ya fito tar baya ya dushe. Ido ya saba da cewa ƙananan abubuwa ne kawai ke fitowa haka. An sauke gilashin kyamara zuwa santimita 10 daga gindin samfurin, aka tsuke ƙofar haske zuwa f/16.

Sai maganar motsi. Hayaƙi da shanya da gugar da ke ɗaga jarkoki suna motsi da sauri fiye da kima idan ƙanana ne. Ƙa'idar da masu wannan sana'a ke bi ita ce a nemo lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da ma'aunin, a ninka saurin ɗauka da ita. Huɗu sau huɗu 16 ne, don haka hoto 25 ya zama 100 a sakan, saurin da kyamarar tasu ke iya yi. Idan aka dawo da shi 25, gugar na tafiya da nauyin babban abu.

Farashin wannan haske ne. Daga f/4 zuwa f/16 ana buƙatar ninki 16, daga ƙiftawar kyamara ta 1/50 na sakan zuwa 1/200 kuma ninki 4, jimilla ninki 64. Fitilun shagon ba su kai ba. Da aka ƙaro wasu aka kunna janareta, sai baƙaƙen layuka suka riƙa ratsa hoton suna tafiya. Wutar Najeriya na juyawa sau 50 a sakan, fitilu masu araha na ƙiftawa sau 100, ƙaramin janareta kuma ba ya tsayawa daidai kan 50, sai ƙiftawar fitila da ta kyamara su saɓa. An kwashe samfurin aka hau da shi kan rufin benen nan da ba a gama ba, aka yi aiki da rana, wadda ke ba da f/16 a 1/200 cikin sauƙi. Ƙananan fitilun tagogi an haɗa su da batirin mota, wanda wutarsa ba ta ƙiftawa.

Ruwa ba ya ƙanƙancewa. Ɗigon da ya faɗo daga indararon samfuri girmansa na gaske ne, sai ya fito ƙato a gefen ƙofa. An ɗauki ruwa na zuba daga bututun gaske a gaban baƙin kyalle, haske ta bayansa, aka ɗora a kan hoton wajen tacewa.

Fitowar da ta fi kowace muhimmanci, inda jarumin ke tsaye a gindin benen ya ɗaga kai, a cikin kyamara aka haɗa ta ba tare da koren kyalle ba. An tsayar da kyamara mita 48 daga benen gaske mai hawa huɗu, gilashinta a tsayin mita 1.6. Kan benen na mita 12.8, wato mita 11.2 sama da gilashin. An raba duka da 16: guntun samfurin na sama an rataye shi mita 3 daga gilashin, gindinsa santimita 70 sama da shi. A idon kyamara sai ya zauna daram a kan ginin gaske. Da gilashi mai milimita 18 a f/11, na kusa da na nesa duk sun fito tar, kuma rana ɗaya ce ke haska su, don haka inuwa ba ta saɓa ba. Sandar da ke riƙe da samfurin an ɓoye ta a bayansa, ta fita ta gefen da hoto bai kai ba. Sharaɗin shi ne kyamara ba ta gusawa ko taku ɗaya, kuma iska ba ta kaɗa samfurin. An yi wannan da safe kafin iska ta tashi.

Hazon Disamba ya kawo gyara na ƙarshe. Ginin da ke nesa ya yi fari-fari saboda ƙurar da ke tsakaninsa da kyamara, samfurin da ke kusa kuma launinsa ya fito da ƙarfi, sai layin haɗin ya bayyana. An bi samfurin da siririn fenti ruwan toka har duhunsa ya yi daidai da na ginin a allon kyamara. Hazon ya kuma taimaka wajen ɓoye eriyoyi da allunan talla na nesa.

## Janairu: sakamako

Fitowar waje ta ragu daga 11 zuwa 7. Biyu an haɗa su a cikin kyamara, huɗu samfuri ne da aka ƙara wa ruwa ko hayaƙi, ɗaya kuma ƙarƙashin gada ce da aka goge wa motoci. Aikin kwamfuta ya koma gogewa da daidaita launi, abin da ake gamawa cikin kwanaki. An sake nuna wa mutanen unguwa, da tambayoyin nan uku. Sun ce Legas ce, wasu ma suka ce Agege. Sun ce masu tanki ne a sama. Bututun ruwan ɗorawa kuwa kusan kowa ya ambace shi, wata mata har ta tambayi dalilin da ya sa na ƙasa ba su tara nasu ruwan saman ba, tambayar da ke nuna ta ɗauki ginin a matsayin wurin zama na gaske.

## Hukunci

A ganinmu, hanyoyi ukun farko ciwo ɗaya suka yi. Duk sun fara daga yadda gini zai yi kama, ba su tambayi abin da ginin ke yi wa mazaunansa ba. Gilashin ya zo da yanayin wata ƙasa, shahararrun wuraren sun zo da nasu labarin, zankon kuma an raba shi da aikinsa. Takardar Yuni ce ta warware matsalar, kuma ita ce mafi arha a duk aikin. Da an rubuta ta a Janairu, da wata biyar ba su salwanta ba. Samfurin hannu ya fi kwamfuta a wannan lamari ne don dalili takamaimai: rana da ƙura da tabo kyauta suke zuwa, tawagar kuma ta fi ƙarfi a aikin hannu. Tawagar da ke da injina masu ƙarfi za ta iya bin ƙa'idojin nan a Blender ta sami abu mai kyau.

Akwai abin da bai gyaru ba. Duk fitowar waje a tsaye kyamara take, kuma a minti na tara, inda jarumin ke gudu, wannan tsayuwar na rage wa fitowar zafi. Tagogin hawa na shida da na takwas da ma'auni ɗaya aka yanka su, mai lura zai ga maimaici a wurin da aka ce kowa da hannunsa ya gina. Sannan babu mutum ko ɗaya da ke motsi a barandun samfurin, shanya da hayaƙi ne kawai ke nuna akwai rai. Gyaran wannan na buƙatar a ɗauki mutane daga nesa, a kusurwa da hasken da suka yi daidai da na samfurin, a dasa su ɗaya bayan ɗaya, kuma kuɗin tawagar ya ƙare kafin a kai nan.